Shagon turin fina-finai mai rajistar maki a unguwar Zango

Cinikin faifan fim ya mutu a Damagaram kamar yadda ya mutu a Kano, kuma abin da ya gaje shi shi ne shagon turi, inda mutum zai miƙa wayarsa ko memorinsa a zuba masa abin da yake so daga kwamfuta, ya biya, ya tafi gida ya kalla. A da sai ƴan kasuwa sun saro faifai a Ƙofar Wambai sun biyo da shi ta Daura da Matamaye, tafiyar kilomita kusan 240, kafin sabon fim ya iso Kasuwar Dole. Yanzu kuwa abin da aka saki a Kano da daddare yana cikin kwamfutar mai turi kafin hantsi ya dubi ludayi. Irin waɗannan shaguna sun yi yawa a Zango da Sabon Gari da Garin Malam, kayansu kusan iri ɗaya ne, farashinsu ma bai cika bambanta ba, don haka da wuya a sami abin faɗi a kan ɗaya daga cikinsu wanda bai shafi sauran ba. Wanda na zaɓa yana cikin wani lungu a Zango, ba nisa da kasuwa, kuma abin da ya raba shi da ƴan'uwansa wata rajista ce mai baƙin bango da ke ajiye a kan teburinsa, wadda masu saye ke rubuta makin da suka ba fim a cikinta bayan sun kalla a gidajensu.

Shagon ƙarami ne, mutum biyar in suka shiga sun cika shi, sauran sai su jira a kan bencin da ke ƙarƙashin rumfar kwano a waje. A ciki akwai kwamfutar tebur ɗaya da ta hannu ɗaya, da rumbunan ajiya da aka jera a kan kanta, kowanne an manna masa takarda an rubuta abin da ke cikinsa: na Hausa, na Indiya, na Turkiyya, na Amurka da Sin, na yara, sai na wa'azi da karatun Alƙur'ani da aka ware can gefe shi kaɗai. Mai shagon matashi ne, ƙanensa ke taya shi idan ya taso daga makaranta. Akwai faifan sola a kan rufin da batura biyu a ƙarƙashin tebur, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai irin wannan sana'a a garinmu. Wutar yankin nan ta dogara da layin da ya taso daga Katsina zuwa Gazawa, kuma kowa ya tuna halin da aka shiga tun daga watan Agusta na 2023, da Najeriya ta yanke wutar bayan juyin mulkin da aka yi a Nijar ranar 26 ga Yuli, har zuwa watan Maris na 2024. A wancan lokaci shagunan turi da dama kan rufe da zarar wuta ta tafi, ko su tada janareto su ɗora kuɗin mai a kan mai saye, shi kuwa wannan ya ci gaba da aikinsa, kuma a nan ne mutane da yawa suka san da zamansa.

Farashinsa na gari ne: sefa 50 kowane fim, wato dala goma, kashi ɗaya na fim mai dogon zango kuma rabin haka, wanda yake son a cika masa memori baki ɗaya kuwa sai a yi ciniki. Mai tambaya zai iya cewa, tunda yawancin fina-finan Hausa na yanzu a YouTube ake sakin su kyauta, me zai kai mutum shago? Abin da ke kai shi shi ne kuɗin mega, wato datar intanet. Kallon awa ɗaya da hoto mai kyau, irin na 720p, yana iya cinye kusan jiga ɗaya, kuma da daddare, lokacin da gida ke son zama a yi kallo, lokacin ne kowa ke kan intanet, sai hoto ya riƙa tsayawa yana juyawa a daidai wurin da magana ta yi daɗi. Manhajoji irin su Netflix da Northflix ta intanet ake biyan kuɗinsu, kuma ba kowane gida ne ke da katin banki ba, ga shi bayan an biya ɗin ma sai an sayi megan kallo. Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ana kama ta ta tauraron ɗan adam, amma ita ke da lokacinta, in wuta ta tafi a wannan awa ko baƙi suka yi sallama, kashin wannan mako ya wuce mutum. Fim ɗin da ke cikin memori kuwa yana jiran mai gida har ya gama cin tuwo.

Abin da ya fara burge ni da aikin wannan matashi shi ne tambayar da yake yi kafin ya tura komai: a me za a kalla? In a waya ne, yakan ba da ƙaramin hoto na 360p ko 480p don kada ya cika memori a banza. In a talabijin ne, sai ya ƙara tambaya ko sabuwa ce ko tsohuwa, ko kuwa ta dikoda za a jona kilen, abin da ƴan Najeriya ke kira filas. Tambayar tana da dalili. Fina-finai da yawa na yanzu an matse su ne da tsarin H.265, wanda ke rage nauyin fim ba tare da ya ɓata hoto ba, amma tsofaffin talabijin da ƙananan dikodoji na kasuwa tsarin H.264 kaɗai suka sani, don haka sai mutum ya koma gida ya jona, allon ya nuna masa baƙi, ko hoto ya fito babu sauti domin na'urar ba ta gane irin sautin da ke ciki ba. Haka kuma kilen da aka tsara a FAT32 ba ya karɓar fim ɗin da ya wuce jiga 4, ko da kuwa akwai sauran wuri a cikinsa. A wasu shagunan amsar da ake ba mai ƙorafi ita ce talabijin ɗinsa ce ba ta da kyau. A nan kuwa akwai wata tsohuwar dikoda da ƙaramar talabijin a kusurwa, a gaban mai saye ake jona kilen, a kunna farkon fim, a tsallaka tsakiya, a duba ƙarshe, sannan a karɓi kuɗi. Wannan gwaji yana ƙara tsawon layi, amma ya kawar da cinikin biri a sama, kuma ban taɓa komawa gida da fim ɗin da ya ƙi buɗewa daga wannan shago ba.

Ita rajistar irin ta kiran sunan ƴan makaranta ce. Kowane sabon fim, ko sabon zango na mai dogon zango, ana buɗe masa shafi, a ja layi a raba shi gida uku. A gidan farko mai kallo zai rubuta makin da ya ba labarin bisa 20, yadda ake bayarwa a kwaleji da lise, don haka ba sai an yi wa kowa bayani cewa abin da bai kai 10 ba ya faɗi ba. Gida na biyu na hoto da sauti ne, a nan kalma ɗaya ake rubutawa, ko "garau" ko "dama-dama" ko "dishi-dishi". Gida na uku harafi ɗaya ne tak: T, ma'ana na tsakar gida ne, ana iya kunna shi gaban kowa, ko Ɗ, ma'ana na ɗaki ne, babba ya kalla shi kaɗai in yana so. Wasu da boko suke rubutawa, wasu da Faransanci, akwai shafukan da na ga an ƙara bayani da ajami, wanda bai iya rubutu ba kuma ya faɗa da baki ƙanen mai shagon ya rubuta masa. Wanda ya dawo ya ba da maki ana yi masa gyaran kashi ɗaya a cinikinsa na gaba.

A ganina gida na uku ya fi sauran biyun amfani nesa ba kusa ba, kuma shi ne abin da babu wani shafin intanet da zai ba magidanci a Damagaram. Shafin IMDb yana da makinsa bisa 10, amma waɗanda suka bayar da shi mutanen wasu ƙasashe ne masu kallo a nasu yanayi. YouTube yawan waɗanda suka kalla yake nunawa, tun watan Nuwamba na 2021 ma ya ɓoye adadin waɗanda suka danna alamar rashin so, ga shi yawan kallo ba shaida ba ne cewa an ji daɗin abin da aka kalla. Mu kuwa yadda muke kallo daban ne. Daga watan Maris zuwa faɗuwar damina, da zafi ke wuce digiri 40, ba a zama ɗaki, talabijin ake fitowa da ita tsakar gida a ɗora a kan tebur, a shimfiɗa tabarmi, uwargida da yara da kaka da ƴaƴan maƙwabta duk su hallara, wani lokaci har da suruki da ya zo gaisuwa aka tsare shi da shayi. Sauti yana tsallaka katanga. A irin wannan zama, sakan goma na abin kunya ya isa ya watsa taro, kowa ya tsiri wani aikin da zai tashi ya yi, mai gida kuma ya riƙa laluben rimot yana salati. Hukumar tace fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, tana duba abin da ake shiryawa a can, amma ikonta bai ƙetaro iyaka ba, kuma fim ɗin Indiya ko na Amurka da aka sauke daga intanet aka zuba a kile a Zango bai bi ta hannun kowace hukuma a nan ba. Harafin nan ɗaya da maƙwabcinka ya rubuta bayan ya kalla a tsakar gida irin taka shi ne kaɗai tacewar da ake da ita.

Mai shagon ma da kansa yana aiki da rajistar, ko da hakan zai sa ya rasa ciniki. Na taɓa neman wani sabon fim ɗin Indiya da yara suka dame ni da zancensa, sai ya buɗe shafin ya juyo mini da shi, ya ce: "Baba, ku duba, mutum huɗu duk Ɗ suka sa masa, kuma hoton na sinima ne, ana ganin kawunan mutane. Ku bari mai kyau ya fito, in ya fito ma ku fara kallo ku kaɗai." Na ce masa: "To ɗana, me za ka ba ni in kai musu yau?" Ya zaɓo wani da ya girme shi da shekara biyu, mai maki 15 da jerin T daga sama har ƙasa, kuma haka muka same shi. Abin da yake nufi da hoton sinima shi ne kwafin da wani ya ɗauka da kyamara a ɓoye a cikin gidan kallo a makon farko na fitar fim, mai karkataccen hoto da sautin da ke amsa kuwwa da dariyar ƴan kallo. Yana ajiye irinsu domin samari ba sa haƙuri, amma yana rubuta "sinima" a jikin sunan fim ɗin, ba ya ɓoyewa.

Sai dai rajistar tana da aibi babba, kuma ya kamata mai amfani da ita ya san shi. Kusan duk masu rubutu a cikinta samari ne, domin su ke zuwa shago, alhali waɗanda suka fi kowa kallon fina-finan Hausa masu dogon zango matan aure ne da ke cikin gida, su ke aiko yara da memori da dala ashirin a ƙulle a leda, su ne kuma suka san labarin kowane kashi tun daga farko. Ra'ayinsu ba ya isa shafin. Abin da wannan ya haifar shi ne fim mai faɗa da motoci da jarumin da samari ke so yakan sami 17 ko 18 ko da labarinsa bai taka kara ya karya ba, shi kuwa fim ɗin zaman gida da aka tsara maganganunsa da hankali yakan tsaya a 11 da sharhin "ba aksho". Akwai wani mai dogon zango da rajista ta ɗaga sama ƙwarai, amma uwargidana da ta kalli kashi uku ta ce ba za ta ba shi fiye da 8 ba, hujjarta kuwa ita ce babu matar da za ta tsaya gaban uwar mijinta ta yi mata magana a tsaye da irin wannan lafazi sannan a ci gaba da zama kamar ba a yi komai ba, kuma wanda ya rubuta wannan wuri bai taɓa zama gidan da ke da suruka ba. Irin wannan hukunci shi ne ke auna fim ɗin Hausa da ma'aunin da ya dace da shi, kuma babu shi a cikin rajistar. Gyaran da ake yi wa mai ba da maki ma ya jawo wata ɓarnar, domin akwai yaran da ke rubuta 20 a kowane shafi don su sami kashin kyauta, ko sun kalla ko ba su kalla ba. Mai shagon yakan soke waɗanda ya gane, amma ba duka yake ganewa ba. Dabarar da nake bi ita ce in bar lambar in karanta ƴan kalmomin da aka rubuta a gefe, domin wanda ya ɗauki wahalar rubuta "ƙarshen bai yi ba" ko "an ja shi da yawa" ya kalla da gaske.

Game da kayan da ke cikin rumbunan, ɓangaren Hausa ya cika, kuma kusan duk masu dogon zango ne, domin tun wajen 2020, da Labarina da Izzar So suka nuna cewa ana iya riƙe masu kallo mako bayan mako, harkar Kannywood ta karkata can. Kyamara ta gyaru, haske ya gyaru, sauti ma ya fi na zamanin faifai. Abin da bai gyaru ba shi ne tsawon labari. Sau da yawa kashi na minti hamsin yakan fara da maimaicin na makon jiya, ya bi da mota tana shiga gida ana buɗe mata ƙyaure a hankali, a yi gaisuwa cikakkiya tun daga "ina kwana" har "ina gajiya" sau uku a wurare uku, sannan a yanke a daidai lokacin da wani zai faɗi abin da aka zauna jira, kamar miyar da ake ta ƙara wa ruwa don ta ishi baƙi. Ga talla a tsakani, ta magunguna da atamfofi da filaye, da farashi a naira da adireshin Kano ko Kaduna, wanda mai kallo a Damagaram ba shi da abin da zai yi da ita. Masu saye kan roƙi mai shagon ya yanke tallar, shi kuma ya ƙi, kuma ina ganin ya yi daidai, domin da kuɗin wannan talla ake biyan ƴan wasa. A nan rajistar takan yi amfani ta wata fuska: idan maki ya fara sauka daga zango na biyu zuwa na uku, alama ce labarin ya ƙare ana jan sa ne kawai, sai mutum ya tsaya inda ya tsaya ya huta da kuɗinsa.

Ɓangaren Indiya shi ne mafi girma, kuma mafi yawansa fassarar Hausa ce da ake yi a Kano. A ƴan shekarun nan fina-finan kudancin Indiya, na harsunan Telugu da Tamil da Kannada, sun danne na Mumbai a bakin samari, saboda faɗa da jarumin da ba ya faɗuwa. Fassarar kuwa hawa-hawa ce. Akwai wadda aka yi da natsuwa, an bi labarin, an bar kiɗan asali a ƙasa, muryar kowane ɗan wasa daban. Akwai kuma wadda mai fassara ya mai da ita dandalin barkwancinsa, ya cusa zancen da ba a yi ba a wurin da ake makoki, ya shafe kiɗan gaba ɗaya, ko namiji ya maƙale murya ya yi ta mace. Mai shagon ya san bambancin, idan fim yana da fassara biyu yakan faɗi wadda ta fi. Na Turkiyya na tarihin Daular Usmaniyya su ne dattawa suka fi nema, kuma su ne suka fi samun T a rajista, sai dai kashi ɗaya yakan kai awa biyu, zango ɗaya kuma ya cinye memori guda. Na Amurka yawancinsu da Faransanci suke, abin da ya dace da mu fiye da na Turanci, amma rumbun a hargitse yake, sunaye rabi da wannan harshe rabi da wancan, neman fim ɗaya yakan ɗauki lokaci.

Inda shagon ya gaza ƙwarai shi ne fina-finan ƙasarmu. Nijar ba baƙuwa ba ce a wannan fage: Oumarou Ganda ne ya fara cin babbar kyautar bikin fina-finai na FESPACO a Wagadugu a 1972. A zamaninmu ma Rahmatou Keïta ta fitar da Zin'naariyâ a 2016, labarin wata ɗiyar gidan sarautar Damagaram, Aïcha Macky kuma, ƴar garin nan, ta fitar da fim ɗinta mai suna Zinder a 2021 a kan rayuwar matasan unguwar Kara-Kara. Na tambayi duka biyun, babu ko ɗaya, mai shagon ma ya ce sai jefi-jefi ake tambaya. Ba laifinsa ba ne shi kaɗai, domin irin waɗannan fina-finai a bukukuwan ƙasashen waje da tashoshin Turai suka fi yawo, ba a shimfiɗa musu hanyar da za su shiga gidajen mutanen da aka yi su a kansu ba. Amma abin takaici ne yaron da ya haddace sunayen jaruman Hyderabad ta Indiya bai taɓa ganin unguwar da ke bayan gidansu a allo ba. Abin da ke cikin jakar da ya rubuta wa "na gida" bai wuce waƙoƙin biki da gajerun barkwanci na waya da wasu tsofaffin wasannin kwaikwayo na su Yazi Dogo da aka kwafo daga kaset, masu dishi-dishin hoto, waɗanda duk da haka makinsu a rajista ya fi na sababbi da yawa.

Wannan ya kawo maganar da ba a son yi, wato haƙƙin masu fim. Mai shirya fim ɗin da ya saka a YouTube yana samun kuɗi ne gwargwadon yawan kallo da tallar da ke biye da shi. Idan mai turi ya sauke kashi sau ɗaya ya zuba wa mutum ɗari, su kuma suka tura wa wasu ta manhajar Xender, abin da ya isa ga mai fim kallo ɗaya ne, ko sisi daga dala biyar ɗin da aka biya a Zango ba ta komawa Kano. Akwai hukumar kare haƙƙin mawallafa ta ƙasa, BNDA, amma ban ga wata alama a wannan shago ko a waninsa da ke nuna cewa wani kaso na kuɗin turi yana isa ga masu aikin ba. Da na yi wa matashin maganar bai yi gardama ba, cewa ya yi in da za a tsara wani abu da za a riƙa biya a wata a ba shi takarda, zai biya, muddin kowa zai biya. Na yarda da shi, amma yardata ba ta canja gaskiyar cewa araha da muke mora wani ne ke ɗaukar nauyinta. Abin da nake yi a gidana, ba don ya wadatar ba, shi ne fim ɗin da ya burge mu in sake buɗe kashinsa na ƙarshe a tashar masu shi idan na sami mega.

Sauran ƙorafe-ƙorafen ƙanana ne amma na gaske ne. Kwamfutar da ake jona mata kile ɗari a yini ba ta rabuwa da ƙwayar cuta, kuma irin wadda ta fi yawo ita ce mai ɓoye jakunkuna ta bar gajerun alamomi a madadinsu, har mutum ya zaci an goge masa kaya. Mai shagon ya iya dawo da su, amma wanda ke ajiye takardun aiki ko hotunan biki a kilensa bai kamata ya kai shi can ba, gara ya ware wani na kallo kawai. Idan ƙanen ne a kan kwamfuta, yakan tsallake kashi ko ya maimaita ɗaya sau biyu, sai an zo tsakiyar labari a ga an yi aure ba a ga neman auren ba, don haka yana da kyau a ƙirga lambobin kafin a tashi. Memorin da yake sayarwa kala biyu ne, kuma mai arahar irin wanda ke nuna jiga 32 ne alhali abin da yake ɗauka bai kai haka ba, fina-finan ƙarshe da aka zuba su lalace. Yakan faɗa idan an tambaye shi, amma da ya daina ajiye shi da ya fi. Sannan babu wurin zaman mata, bencin waje samari ne ke mamaye shi da hira da ƙarar waƙa, yarinyar da aka aiko sai ta rakuɓe a bakin ƙofa har a sallami kowa.

Na ba shi shawarar ya riƙa karɓar makin matan gida ta saƙon murya a WhatsApp, ko ya ba yaran da ake aikowa ƴar takarda su kai a cike, ya ce zai duba, amma har yanzu shafukan hannun samari ne. Duk da haka, ga magidancin da ke kallo da iyalinsa a tsakar gida, ban san wani shago a garin nan da ya kai shi ba, in da za a buɗe masa shafi a rajistarsa 14 zan rubuta. Wanda zai je ya je da hantsi, domin daga la'asar zuwa magariba layin yakan fito har titi, musamman washegarin daren da aka saki sabon kashi na wani mai dogon zango, kuma ranar Juma'a ba ya buɗewa sai an sauko daga masallaci.